Mai Awon Ƙarfe da Tankin Ɗinyar Hamma

Malam Zakiyyu Mainasara yana da shekara hamsin da tara. Magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya shida, yana zaune a gidan gadonsu a unguwar Tudun Wada cikin Daura, kuma sana'arsa auna kaurin ƙarfe. A gari Injiniya ake ce masa. Ya sha faɗa cewa shi ba injiniya ba ne, mai awo ne kawai, amma ya gaji da gyarawa, yanzu amsawa yake yi.

Ɗan maƙera ne. Mahaifinsa ya yi shekara arba'in yana ƙera garma da lauje a bakin kasuwa. Shi kuwa makarantar koyon sana'a aka kai shi, daga can wani kamfani mai duba tankunan mai da bututai ya ɗauke shi. Ya yi shekara shida a Kaduna, takwas a Warri, sauran a Fatakwal, duka ashirin da bakwai. Ya shiga tankunan da suka fi harabar masallacin unguwarsu faɗi, ya yi rarrafe a ƙarƙashin bututu cikin laka har gwiwa. Da kamfanin ya naɗe kayansa shekara bakwai da suka wuce, ya sayi ɗaya daga cikin tsofaffin na'urorin da aka yi gwanjonsu, ya dawo gida da ita, da tabarau, da ciwon gwiwar hagu.

Na'urar ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba. Tana da waya mai tsawon kamu biyu, a bakin wayar akwai wani ɗan kai kamar murfin kwalba. In aka manna kan a jikin ƙarfe, sai ya aika wata ƙara da kunnen mutum ba ya ji. Ƙarar ta ratsa ƙarfen, ta bugi bayansa, ta dawo, na'urar ta rubuta kaurin da ya rage a fuskarta. In an tambaye shi, yakan ce kamar mutum ne ya leƙa rijiya ya yi kira, daɗewar muryar kafin ta dawo ita ce zurfin. Amfanin abin shi ne ba a yanka komai, ba a huda komai, ba a ma zubar da abin da ke ciki. In akwai abin da Malam Zakiyyu yake taƙama da shi, to wannan ne: a duk shekarun nan bai taɓa huda ƙarfen kowa ba.

Ƙarar ba ta tsallake iska, komai ƙanƙantarta, don haka sai an shafa wani abu mai yauƙi tsakanin kan na'urar da ƙarfen. A Fatakwal cikin kwalba ake kawo musu shi. A Daura matarsa Haulatu ce take dama masa sitacin rogo irin na masu wankin hula, ta zuba a tsohuwar robar man shafawa. Ya gwada kuɓewa, ya gwada karkashi, sitacin ya fi zama. Kwana biyu yake yi ya yi tsami.

Aikin ba shi da yawa. Akwai gidajen mai biyu ko uku, da rumbunan hatsi na ƙarfe, da tankar dakon mai jefi-jefi, sai tankunan ruwa na ƙauyuka. Yawancin mutane ba sa kiransa sai abu ya fara ɗiga, a lokacin kuwa ba shi ake bukata ba, mai walda ake bukata. Duk inda ya auna yakan rubuta rahoto, ya ba masu wuri ɗaya, ya ajiye ɗaya. Nasa sun cika kwali biyu a ƙarƙashin gado. Na masu wuri, ya taɓa ganin wani an ƙunshe tsire da shi a Mashi.

Ɗinyar Hamma ƙauye ne a ƙasar Sandamu, tafiyar minti arba'in a babur daga ƙofar gidansa. Tankin ruwan garin yana tsaye a kan ƙafafun ƙarfe shida, tsaninsa mataki arba'in. An haɗa shi da fallayen ƙarfe masu kusurwa huɗu, an ɗaure da noti: hawa uku a tsaye, falle goma sha shida a gindi. In ya cika yana ɗaukar lita kusan dubu casa'in, nauyin buhun gero kusan ɗari tara ke nan a sama da kawunan mutane. Marigayi dagacin garin ya yi shekara tara yana zarya ofisoshin hukuma kafin a kafa shi, kuma sunansa yana rubuce a gefen da ke kallon hanya. Kafin nan, daga rijiyar fadama ake ɗebo ruwa, tafiyar rabin awa. Yanzu akwai famfo takwas a gindin tankin, kuma inuwarsa ta zama ƙaramar kasuwa. 'Yan garuwa suna jera jarkoki, dattawa suna dara, Inna Shatu tana suyar ƙosai a daidai wurin da ta kafa murhu tun shekarar da aka ɗora tankin.

Ƙungiyar ci gaban garin ce ta fara gayyatarsa. Sau ɗaya a shekara yake zuwa, cikin bazara. Tun zuwan farko ya kwanta rigingine a kan katako a ƙarƙashin gindin tankin, ya zana da'ira uku a kowane falle da fenti ruwan ɗorawa, ya sa wa kowace lamba, arba'in da takwas ke nan. Dalili shi ne awo ɗaya ba ya gaya wa mutum komai sosai. Sai an koma daidai wuri ɗaya shekara bayan shekara ake sanin saurin da ƙarfe yake ƙarewa. Fallayen sun zo da kaurin milimita shida. Da'ira ta talatin da ɗaya, wadda ke kusurwar gabas inda laka ta fi kwanciya, ta nuna 4.6 a shekarar farko, sannan 4.2, sannan 3.7, bara 3.2. A lissafinsa, in aka sauka ƙasa da uku, bai kamata a ci gaba da cika tankin ba. Bara da ya sauko ya ce wa dagaci na yanzu, Alhaji Misbahu, ɗan marigayin, "Ranka ya daɗe, tsatsa na cin tankin nan." Ya miƙa masa rahoto shafi shida cikin Turanci, yadda ya saba tun Kaduna, ya hau babur.

Bana ya koma ranar wata Litinin ta watan Afrilu. Tun daga kwanar da ake barin kwalta ya hango tankin, ya ɗauka idonsa ne. Shuɗi ne shar, yana sheƙi, sunan marigayin an sake rubuta shi da farin fenti. A gindi an shimfiɗa tabarmi, dagaci da dattawa suna jiransa, fuskar kowa a sake.

Bayan gaisuwa dagaci ya nuna sama da sandarsa. "Injiniya, ka ce tsatsa, mun ji. Babu gidan da bai sa hannu ba. Shafi uku aka yi masa."

"Madalla, ranka ya daɗe," in ji Malam Zakiyyu.

Wanda ya jagoranci aikin yana nan tsaye yana jiran yabo. Sharu ne, mai walda a Sandamu, ɗan kawun Malam Zakiyyu, abokin wasansa tun suna zuga wuta a maƙera.

"Ɗan gwaggo, ka ga aiki ko?" in ji Sharu. "Ba irin naku na shafa koko a ƙarfe ba. Har ƙasan sai da na sa aka shiga. Wani marar aikin yi ya hau ya cika shi da zagaye-zagaye da lambobi, kamar allon makaranta. Mun kankare su tas."

"Duka?"

"Ko ɗaya ban bari ba."

"Ni ne marar aikin yin, Sharu."

Dattawa suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasan taubasai ne. Sharu ya duba fuskarsa, ya fasa dariyar.

Ya rataya jakarsa ya hau. Yanzu sau biyu yake hutawa a tsanin, a mataki na goma sha biyar da na talatin. Ya ja jiki ya kwanta a kan katakon, ya ɗaga ido. Shuɗi ko'ina, har kan notin. Ya kintaci inda ta talatin da ɗaya take, ya shafa sitaci, ya manna kan na'urar a saman fentin. Ta rubuta 4.0.

Ya daɗe yana kallon lambar. Ya san ƙarya ce. Na'urarsa tsohuwa ce, ba ta raba fenti da ƙarfe, kuma ƙarar tana jinkiri a cikin fenti, sai ta lissafa shi kamar ƙarfe mai kauri ninki biyu ko uku. Amma lamba ce mai daɗi, kuma na'urar ce ta faɗa da kanta. Da zai rubuta ta ya sauka, da kowa ya ji daɗi, a ci tuwon da aka tanada, ya koma gida kafin rana ta take. Ya ce daga baya bai yi niyyar rubutawa ba, amma ya kwanta a wurin ya fi minti goma, don kawai ya san abin da ke jiransa in ya sauka: zai roƙi mutane su bar shi ya kankare fentin da suka yi domin maganarsa.

Da ya sauko ya faɗa, dagaci bai ji daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. "Jiya-jiya aka gama, Injiniya."

"A ƙasa ne, ranka ya daɗe, inda ba mai gani. Faɗin tafin hannu, wuri arba'in da takwas."

"Arba'in da takwas," in ji dagaci, ya juya ya dubi dattawa. Can ya ce, "To, a yi."

Abin da ya cece shi tsohuwar ɗabi'a ce. A bayan littafin awonsa ya rubuta mazaunin kowace da'ira: daga kusurwa kaza, noti na nawa, yatsa nawa zuwa ciki. Da haka ya riƙa lalubo su ɗaya bayan ɗaya, yana ƙidayar noti da yatsa, yana kankarewa da guntun zarto, yana gogewa da samfefa har farin ƙarfe ya fito. Aikin da yakan gama kafin hantsi ya ci masa safiya uku, don da ƙarfe goma sha ɗaya ta yi tsanin ba ya taɓuwa, fuskar na'urar kuma sai ta dushe saboda zafi. Ɓawon fentin yana zuba masa a gemu da tabarau. Wanda ya wuce shi yana sauka ƙasa.

"Kai na sama!" Muryar Inna Shatu ce, a safiya ta uku. "Shuɗin ƙosai aka ce maka ana so a garin nan?"

"Yi haƙuri, Inna. Ki ɗan matsa gefe mana."

"In matsa? Shekara ashirin da biyu ina nan, kai da zuwa ɗaya a shekara za ka tashe ni? Ka sauko ka saye wanda ka ɓata."

Ya leƙa ta tsakanin katakai. Kaskonta yana daidai saitin kansa. Shi kuwa yana ƙarƙashin ta talatin da ɗaya.

Ya shafa sitaci a kan farin ƙarfen, ya manna. Na'urar ta rubuta 2.3. Ya ɗaga, ya goge, ya sake: 2.3. Ya ciro ƙarfen gwajinsa, wani ɗan guntu mai matakai biyar da aka san kaurin kowanne, ya gwada na'urar a kai, ta faɗi daidai. Ya sake mannawa a tankin. Ba ta canza ba. Maƙwabtanta biyu suka nuna 2.5 da 2.6. Ya rubuta, ya rufe littafin, ya ɗora tafin hannunsa a kan fallen. Sanyi ƙalau. A ƙasa ana ta ƙarar jarkoki da musun 'yan dara.

Bayan azahar aka zauna a zauren dagaci. Sharu ya zo da gudumarsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ma na hau," in ji shi. "Na bubbuga ko'ina. Ƙarar lafiya lau. Baban wannan da kunne yake sanin ƙarfe, bai taɓa sa batir ba."

"Baba fartanya yake bugawa, ba ruwa a bayanta," in ji Malam Zakiyyu. "Ko gwangwanin madara ka cika da ruwa ka buga, zai amsa maka da murya mai kauri."

"To ni dai ban ga tsatsa ba."

"Ba za ka gani ba. Daga ciki take ci. Laka ta kwanta a gindi, a ƙarƙashin lakar take aikinta. Waje kuwa ko shafi goma aka yi, bai kai gare ta ba."

Dagaci ya gyara zama. "Injiniya, bara tsatsa ka ce. Ba ka ce ciki ba."

"Yana cikin takardar, ranka ya daɗe."

"Takardar tana nan a akwati. Malamin firamare ya duba mana, ya ce lambobi ne da zane. Abin da muka ji daga bakinka shi muka yi wa magani."

Malam Zakiyyu ya yi shekara ashirin da bakwai yana rubuta wa injiniyoyi, su karanta su san abin yi. Ya dawo gida ya ci gaba da rubuta musu, alhali ba sa nan. Ya ce, "Gaskiya ne. Wannan laifina ne."

Ya ciro ƙarfen gwajin ya miƙa wa dagaci da hannu biyu, ya nuna masa mataki mai kauri. "Wannan marigayi ya bar muku." Ya matsar da yatsa zuwa siririn. "Wannan ya rage a kusurwar gabas. A kansa ruwan yake zaune, a ƙarƙashinsa Inna Shatu take zaune."

Dagaci ya kama siririn matakin tsakanin yatsu biyu, ya daɗe yana murzawa. "Yaushe zai fashe?"

"Ban sani ba."

"Na'urar fa?"

"Kauri take faɗa, ranka ya daɗe, ba ta faɗin rana. Yana iya fara ɗiga ya ba ku lokaci. Yana iya yagewa ta layin noti gaba ɗaya. Na ga iri biyun."

"Me kake so a yi?"

"A zubar da ruwan, a sake fallayen gindi."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Wani dattijo ya ce a wannan zafin, da sauran wata biyu kafin ruwan sama, a mayar da mata da tsofaffi fadama? Wani ya ce rijiyar fadaman ma rabinta ta rufta. Sababbin fallaye kuwa sai an rubuta takarda zuwa ga hukuma, kuma kowa ya san marigayi shekara tara ya yi. Malam Zakiyyu bai musa ko ɗaya ba, don duk gaskiya ne. Ya buɗe littafinsa ya yi lissafi a gefen shafi, a gabansu. Ya ce in ruwan bai wuce hawa ɗaya cikin ukun ba, nauyin da ke kan gindin zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, kuma da haka zai iya sa hannu, in an tashi daga ƙarƙashin kusurwar gabas.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji dagaci. "Zan gaya wa mai kula da injin, da ya kai hawa ɗaya ya kashe."

Malam Zakiyyu ya san mai kula da injin, mutumin kirki ne. Ya kuma san ranar da za a yi biki, ko ranar da makiyaya za su sauka da garke, wani babba zai ce a cika yau kawai, mai kula da injin kuwa ba zai iya ce masa a'a ba. Injin sola ne, muddin rana na sama yana ja. Abin da ke tsayar da ruwa a kowane tanki ba mutum ba ne, bututun rara ne, wanda ke can sama yana zubar da abin da ya wuce.

"Ranka ya daɗe, a huda shi," ya ce. "A gefe, a ƙarshen hawa na farko. A sa bututu. Ruwa in ya kai nan ya fita da kansa."

Sharu ya ajiye gudumar. "Kai? Kai da ka ishe mu da 'ban taɓa huda ƙarfen kowa ba'? Ranka ya daɗe, a rubuta ranar yau."

Dagaci bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba ta gefen sunan ba."

"Ta baya, ranka ya daɗe. A sauko da bututun zuwa komin dabbobi, kada ruwan ya tafi a banza."

Ranar Alhamis aka sauke ruwan. Malam Zakiyyu da hannunsa ya zana da'irar da za a yanka, da fentin nan ruwan ɗorawa. Sharu ya yanka, ya liƙa bututun, ya miƙo masa ɗan faifan ƙarfen da ya fita. Bayansa shuɗi ne mai sheƙi. Cikinsa ja ne, duk ramuka, yana marmashewa a hannu. Sharu ya juya shi sau biyu, bai yi tsokana ba. Aka kai wa dagaci.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Da can tankin yakan kwana da ruwa, a wayi gari famfo takwas suna zuba. Yanzu kafin magariba ya ƙare, da safe kuma sai rana ta ɗaga injin ya fara ja. Layin jarkoki ya kai bakin hanya. Ɗumamen safe ya koma na hantsi a gidaje da yawa. Mata suka sa masa suna Mai Huji. Inna Shatu, da dagaci ya aika mata ta tashi, ta matsa taku bakwai, sannan ta riƙa bin inuwa tana dawowa kaɗan-kaɗan yayin da rana ke juyawa. Takardar neman sababbin fallaye ya rubuta ta da Hausa, shafi ɗaya, dagaci ya sa hannu aka kai. Har yanzu ba amsa.

Da Haulatu ta ga ya ce a dama sitaci bayan wata ɗaya kacal, ta tsaya da ludayi a hannu.

"Ba shekara-shekara ba ne?"

"Yanzu wata-wata ne."

"Malam, gwiwar nan fa? Jiya da ƙyar ka tashi daga sallah."

"Mataki arba'in ne kawai."

"In ka kasa, wa zai hau?"

'Ya'yansa maza uku ne, ɗaya yana gyaran waya a Kano, ɗaya yana koyarwa a Katsina, ɗaya yana kiwon kaji. Ya nuna wa kowannensu na'urar, kowa ya yaba, ba wanda ya sake tambaya. Takardar shaidarsa ta aiki ta daɗe da ƙarewa, sabuntawa sai an je kudu an yi gwajin ido, shi kuwa ya san abin da gwajin zai ce.

Zuwansa na watan Mayu, ya tarar komin dabbobi a bushe ƙayau da ƙarfe goma na safe, injin kuwa yana ja. Ya durƙusa ya leƙa bakin bututun. An cusa totuwar masara naɗe da tsumma, an buga ta ciki da dutse. Ya sa filaya ya ja. Ruwan ya buge shi a ƙirji ya zaunar da shi a ƙasa, ya yi ta zuba fiye da awa biyu, komin ya cika ya malala har gonar da ke kusa. Tankin ya cika har baki ke nan, Allah kaɗai ya san kwana nawa. 'Yan garuwa suka tsaya suna kallo. Ba wanda ya san wanda ya yi. Bai tambaya ba. Ya ɗauki totuwar da jiƙaƙƙiyar riga ya je zaure, ya ajiye ta a kan tabarma gaban dagaci, ya yi gaisuwa ya fito. Washegari Sharu ya zo ya yanke bututun daga sama, inda hannu ba ya kai, ya sa wa ƙofar tsanin kwado. Yanzu rarar daga can take faɗowa cikin komin, ana jin ƙararta har masallaci.

Ranar Talatar da ta wuce ya sake zuwa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba. Ya karɓi makulli a gidan dagaci, ya hau, ya huta a na goma sha biyar da na talatin, ya ƙara hutawa a na talatin da shida. Ya bi da'irori arba'in da takwas ya sake zana su, a gefen fallen farko ya rubuta KADA A SHAFE da boko, ya maimaita da ajami. Ta talatin da ɗaya ta nuna 2.2. Ya auna sau uku, ya rubuta.

Da ya sauko, Inna Shatu tana kwashe kaskon ƙarshe, bencinta da robar ƙullu sun dawo daidai ƙarƙashin kusurwar gabas.

"Mai Huji, yau me akwatin naka ya ce?"

"Ya ce ki tashi, Inna."

"Kullum abin da yake faɗa ke nan. Ba ya gajiya?"

"Yana gajiya."

Ya karɓi ƙosai biyar a takarda, ya ci biyu a tsaye, ya sa sauran a jaka. Sannan ya sunkuya, ya dafa gwiwar hagu, ya ɗauki bencin ya kai shi gindin ɗinyar da ke tsallaken famfunan, karo na uku ke nan, ya dawo ya ɗauki robar ƙullun ya kai, ya tayar da babur.